Kitson da Inna Ba Ta Ƙarasa Ba

Na girma ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni ce 'yar farinta, ita kuwa irin matan cikin garin nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni a gaban mutane, idan baƙo ya yabe ni sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya.

Da na isa yaye aka goya ni aka kai ni Koki wurin kakata ta wajen uba. Maimakon a gama yaye a dawo da ni, sai tsohuwa ta ce ta sami abokiyar hira, ta riƙe ni. Ban dawo gidanmu na Yakasai ba sai da ta rasu, lokacin har na fara zuwa firamare. Na tarar gida ya cika da ƙanne, kowa da sunansa, wasu har da na shagwaɓa. Ni kuma na zama "ta Koki".

"Ku ce wa ta Koki ta zo ta ɗauki tuwonta."

Ina tsaye a gabanta fa take faɗar haka, da za ta miƙa hannu ma za ta taɓa ni. Sai wani ƙanina ya juyo ya ce, "Yaya, wai ki ɗauki tuwonki," kamar daga wata unguwa aka aiko shi.

Sana'ar Inna kitso. A lungunmu da na bayanmu babu macen da ba ta san cinyarta ba. Tun hantsi take shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ta ajiye kibiya da mataji da ɗan gwangwanin man kaɗe, ta miƙe ƙafafu. Mace ta zo ta cire ɗankwali, ta kwantar da kai a cinyarta, hira ta ɓarke. An san ta da sanyin hannu. Har barci mata suke yi tana yi musu shuku. Amare sun kwanta a cinyar nan, masu jego sun kwanta, ƙannena mata kuwa duk ranar Juma'a da sabon kitso a kansu.

Ni maƙwabta ake tura ni, wurin wata mai zafin hannu, matar wani mahauci. Idan ta kama gashin goshi sai ka ji kamar girarka za ta koma ƙeya. Ina dawowa ido jajur, in wuce ta gaban rumfa da gangan ina shessheƙa, ko Inna za ta ɗago. Ba ta ɗagowa.

Wani jajiberin sallah, tsakar gida cike da mata masu jiran layi, na yi ƙarfin hali na durƙusa a gefen tabarma.

"Inna, ni ma yau ki yi mini."

Sai wadda kanta ke kan cinyar ta buɗe ido ɗaya ta ce, "La ila! Mai kitso, 'yar farin taki ce da kanta? Yi mata mana, wallahi ba za mu faɗa wa kowa ba."

Wata ta ce, "Ni zan faɗa. Har gidan rediyo zan kai."

Aka kwashe da dariya. Inna ba ta ɗaga kai daga tsagar da take yi ba, ta ce, "Wani ya gaya wa yarinyar nan ana jiranta a maƙwabta."

Na tashi na tafi. Ranar ban yi kuka a hannun matar mahauci ba, har ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

A sakandare na faɗa wa littattafan soyayya. Akwai wani ɗan shago a bakin titi da ake ba da hayarsu, mukan karɓo mu naɗe bangon da takardar kalanda, littafi ɗaya ya zaga aji har ya yi laushi kamar tsumma. Ƙawayena samarin ciki suke so, masu dogon hanci da mota mai sanyi. Ni ma ina son su, ba zan ɓoye ba. Na sha zama a kan soro da yamma ina kallon shirwa tana shawagi a saman rufin kwanon unguwa, ina ƙera wa kaina wani kyakkyawa da zai zo ya tsaya a bakin lungunmu, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Amma shafin da nake ninkewa in koma masa daban ne. Shi ne inda yarinya za ta shigo falo tana kuka, mahaifiyarta ta jawo ta jikinta, ta kira sunanta a hankali, ta ce mata me ya same ki, gaya mini. Nan nake tsayawa. In karanta, in rufe ido, in cire sunan yarinyar in sa nawa, in ara wa matar muryar Inna.

Daga nan na yanke wa kaina abin da ake kira farin ciki: wanda kake so ya buɗe baki ya faɗa, kunnenka ya ji. Duk abin da ba a faɗa ba, a wurina lokacin, babu shi.

Har dabara na taɓa yi. Akwai wata a ajinmu mai irin sunana, na lallaɓe ta ta raka ni gida. Na kai ta har gaban rumfa, na ce, "Inna, ga ƙawata," na faɗi sunan da ƙarfi. Na san dole ta gaishe da baƙuwa. Inna ta dube ta, ta yi murmushi, ta ce, "Sannu da zuwa, takwarar mutanen Koki. Ku ba ta ruwa."

Da aurena ya zo, ƙanwar Baba ce ta zama uwar biki. Ita ta yi ta shige da fice, ita ta karɓi baƙi. Inna ta bar gidan ma gaba ɗaya, ta koma maƙwabta ta zauna kamar 'yar gayya. Da za a tafi da ni aka kai ni in yi mata sallama. Na riga na tsara yadda abin zai kasance tun da daɗewa: zan faɗa jikinta, za ta rungume ni, hawayenta zai sauka a kan lallena. Na tarar da ita a uwar ɗaka, ta ba ƙofa baya, tana ninke wani zane da yake a ninke. Na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Allah ya ba da zaman lafiya. Ku tafi da ita, kada magariba ta yi muku."

A mota na yi ta kuka, mata suna cewa amarya mai kunya. Na tambayi gwaggon tawa a kunne, "Gwaggo, anya Inna tana sona kuwa?"

Ta ce, "Ke tafi can! Karatun littafi ya ɓata miki kai. Gyara lulluɓinki."

Mijina malamin firamare ne, muna zaune wajen Ƙofar Dawanau. Ba shi da dogon hanci, babur gare shi. Mutumin kirki ne ƙwarai, bai taɓa ɗaga mini murya ba. A farkon aure na taɓa ce masa ya riƙa gaya mini kalamai masu daɗi. Ya yi tunani, sannan ya ce, "To, miyar nan ta yi daɗi." Da ya ga na ɓata rai ya ƙara da cewa, "Ta jiya ma ta yi." Na yi fushi, daga baya na yi dariya, muka zauna lafiya har yau. Shi farin cikinsa ba shi da wahalar samu. A kawo wuta yana gida, ko ɗalibinsa na da ya tsayar da shi a hanya ya gaishe shi, ya ishe shi kwana yana murmushi.

Da na haifi tawa 'yar farin na ɗauki alkawari ba zan yi mata kunya ba. Ina kiran sunanta safe da yamma, ina yi mata kitso da hannuna, har tsofaffin unguwa suna cewa 'yan zamani ba su da ta ido. Ranar da na fara kiran sunanta a gaban Inna, sai ta tashi ta shige ɗaki, wai ita ce take jin kunya a madadina. Yarinyar kuwa da ta girma ba ta ga wani abu a ciki ba. "Mama, kin cika kira," take cewa, idonta a kan waya.

Autarmu ita ta fi kowa sanin ciwona, ita ta fi kowa yi mini tsiya a kai. Takan ce, "Yaya, me kika rasa? Ga miji, ga 'ya'ya, ga lafiya. Ni da ake kiran sunana sau dubu, aike ne fa. Auta kawo wannan, Auta kai wancan. Zo mu yi musaya." Gaskiya ta faɗa, ban rasa komai ba. Amma ko a tsakiyar biki, ana kiɗa ana guɗa, sai in ji kamar akwai wani ɗaki a cikin ƙirjina da ba a taɓa kunna masa fitila ba.

Bayan rasuwar Baba da 'yan shekaru Inna ta fara rikicewa. Da fari gishiri ta zuba a koko. Sai ta fara sallar la'asar ta idar ta sake tayarwa. Wata rana aka tsinto ta a wani lungu da mayafi a hannu, wai gidan mahaifinta take nema, gidan da aka rushe tun muna yara. Muka kai ta asibiti, likita ya yi bayani mai tsawo, tsofaffin unguwa suka taƙaita shi da cewa gigin tsufa ne. Auta ta dawo gidan da zama da 'ya'yanta, ni kuma nake zuwa in wuni.

Ciwon ya sakar mata baki. Matar da ba ta da yawan magana sai ga ta tana kiran sunaye tun safe: ƙannena, ƙawayenta na ƙuruciya, matattu da rayayyu, har akuyar da suka taɓa kiwo a gidansu. Sunan Baba ma, da ba ta taɓa faɗa ba yana raye, wata rana ya kuɓuce mata, Auta ta yi ta salati tana dariya. Ni kuwa sai wani fata ya tsiro mini. Ina wanke mata kaya ina kasa kunne. Na ce a raina, tunda ganuwar tana zubewa, wata rana nawa zai faɗo.

Sai dai abin ya zo mini ta wata hanya. Ranar da ta gane ni, sai ta kawar da kai kamar kullum, ta ce wa Auta, "Ta Koki ta ci abinci kuwa?" Ranar da ba ta gane ni ba, sai ta washe baki ta ce, "Maraba da baƙuwa, daga ina?" Ban san wacce ta fi ciwo ba. A ɗaya ina da uwa ba fara'a, a ɗaya ga fara'a har kunne amma ta baƙuwa ce.

Wata ranar bazara ce, bayan azahar. Zafi ya yi zafi, ba wuta, ko ganye ba ya motsi. Mun fito da Inna ƙarƙashin rumfa ta sha iska. Ta daɗe da daina kitso, amma ba ta yarda a taɓa mata kibiyarta, kullum tana ƙulle a bakin zanenta. Ni kuma na tsefe kaina da safe ban samu an yi mini ba, sai na cire ɗankwali na zauna a bakin rijiya ina tajewa. Auta tana gefe tana gyaran zogale.

Sai na ji Inna ta ce, "Baiwar Allah, kitso kika zo?"

Na waiga in ga da wa take. Ni take kallo, ido cikin ido.

"Matso mana. Kin yi sa'a, yau ba layi."

Na dubi Auta. Ta ajiye tiren zogale, ta yi mini alama da ido, ta ce da ƙarfi, "Hajiya, ki je mana, mai kitson tamu ba ta son jira."

Na tashi na isa tabarmar. Na zauna a tsakanin ƙafafunta, ta kama kaina da hannu biyu ta kwantar a cinyarta. Cinyar ta rame, ƙashi nake ji a kumatuna. Zanenta yana ƙamshin turaren wuta da man zafi. Ina da 'ya budurwa a lokacin, furfura ta fara fito mini a gefen kunne, amma ranar na fara sanin ɗumin jikin matar da ta haife ni.

Ta kwance kibiya, ta ja tsaga tun daga goshi har ƙeya. Ashe gaskiyar mata ne. Hannun yana rawa, amma ko kaɗan ba zafi, kamar ana zuba maka ruwan randa a ka.

"Me za a yi miki?"

Na ce, "Duk abin da kika ga ya dace, Hajiya."

"Shuku zai karɓe ki. Kina da goshi." Ta lakato mai. "Daga wace unguwa?"

"Wajen Ƙofar Dawanau."

Hannunta ya ɗan tsaya. "Ina da wata a can."

"Wata wa?"

"Wata dai." Ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. "Irin gashinku ɗaya. Cika gare shi, ga laushi. Duk gidan nan ba mai irinsa. Da tana yarinya idan ta wuce ta gabana kai a tsefe, hannuna har ƙaiƙayi yake yi."

Na ce, "Ai da sai ki yi mata."

"Wa? Ni? Ki rufa mini asiri, a yi da ni a gari? Maƙwabta nake tura ta. Ita kuma matar, Allah ya jiƙanta, hannu kamar na mijinta, kamar fiɗa take yi. Sau nawa ina zagayawa bayan yarinyar ta fita in ce mata, don Allah ki riƙa sassauta mata goshi. Har faɗa muka yi, muka daina gaisawa, sai da azumi ya zo muka shirya."

Auta ta sa bayan hannu ta toshe baki. Ni ban motsa ba. Tsoro nake ji ko numfashi mai ƙarfi na yi abin zai watse.

Ta gama layi ɗaya ta kama na biyu. Bakinta bai tsaya ba, kamar yadda take yi wa masu zuwa kitso a da.

"Da aka kai ta yaye Koki, na ce mutuwa zan yi. Ga nono ya cika, ga ba halin in yi kuka a ganni. Rannan na ce wa maigidan zan je barka. Na ɗauki mayafi na bi lungu lungu har gidan surukata. Na shiga soro na laɓe. Ina jin kukanta daga ciki, muryar har ta dushe. Rigata ta jiƙe sharkaf. Ina nan tsaye sai na ji tarin tsohuwa tana tahowa. Na kwasa da gudu, takalmina wari ɗaya ya zauna a soron."

Auta ta ce, "Kai, Inna! Da ƙafa ɗaya kika dawo?"

"Da ƙafa ɗaya. Washegari sai ga aike daga Koki, kwano a rufe da faifai. Na ɗauka ɗanwake ne. Ina buɗewa sai ga takalmina." Ta yi dariya har da tari. "Ba ta taɓa yi mini maganar ba har ta mutu. Ni kuwa na daɗe ban iya kallon idonta ba."

Hawayena yana gangarawa ta kan hancina yana shiga zanenta. Ta ji danshin, ta ce, "Na ja miki ne?"

"A'a, Hajiya. Zafin gari ne."

"Ita ma haka take, ga saurin kuka. Ta hau soro da littafi ta yi ta sharɓe ita kaɗai, wai an raba wasu masoya. Sai in hana yara hawa, in ce akwai kunama a matakala. In ta sauko ido a kumbure in ce a ƙara mata nama a miya. Ranar da aka kai ta ɗaki kuwa..." Ta ja tsaga. "Bari dai. Allah ya yi mata albarka. Ba ta taɓa saɓa mini ba."

A nan ya kamata in tsaya. An ba ni abin da ban taɓa mafarkin samu ba, ko a littafi ban karanta irinsa ba. Amma abin da na yi shekaru ina jira yana gab da ni, na ga kamar hannu kawai zan miƙa.

Na ce, "Hajiya, wataƙila ma na san ta. Ya sunanta?"

Ta ƙwanƙwasa mini kibiya a ka. "Ke wace irin mace ce? 'Yar fari ce fa!"

Auta ta matso. "Inna, faɗa mata mana. Ba kowa a gidan, daga mu sai kaji."

"Ke ma kin bi ta? Marasa kunya." Ta ja gefen mayafi ta rufe baki tana dariya kamar amarya.

Na ce, "Ko a kunne ne, Hajiya. Sau ɗaya."

Sai na yi abin da mai kitso ba ta so, na juyo da kaina na kalle ta. Fuskata a ƙasa, tata a sama, kusa da kusa. Dariyar tana nan a bakinta. Na ga lokacin da ta fara gushewa. Idonta ya tsaya a goshina, ya sauko kan idona, ya daɗe. Yatsunta suka saki gashin da suke riƙe da shi.

Ta janye ƙafafunta a hankali har kaina ya sauka a tabarma. Ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta juya ta fuskanci bango.

"Auta," ta ce, murya ƙasa. "Wa ya zaunar da ta Koki a nan? Zo ki ƙarasa mata."

Auta ta tsaya da hannu a ƙirji. Daga masallacin lungu aka kira la'asar. Na tashi na ɗauki ɗankwalina na ɗaura a kan kitson, gefen dama a kitse, gefen hagu a tsefe. Auta ta biyo ni soro da mataji ta ce in zauna ta ƙarasa. Na ce a'a.

Na ci gaba da zuwa kullum. Nakan cire ɗankwali in zauna a bakin rijiya, in juya mata gefen da ba a yi ba. Wani lokaci ta yi mini maraba da baƙuwa, wani lokaci ta kawar da kai. Ba ta sake cewa in matso ba. Da ruwan farko ya sauka ta kwanta da zazzaɓi, ta daina magana gaba ɗaya. Ina riƙe da ƙafarta Auta tana riƙe da hannunta, da hantsi, Allah ya karɓi abarsa.

Sunan dai ban ji shi ba, ba kuma zan ji ba. Wani lokaci ina kwance sai in ce da ban juyo ba, da ta ƙarasa mini, da wataƙila ta ba ni labarin ranar da aka kai ni ɗaki. Wani lokaci kuma in ce da ban juyo ba, da har abada baƙuwa ta yi wa kitso. Ta manta gidan ubanta, ta manta raka'o'in salla, amma tana ganin idona ta san wace ce ni, ta kuma san abin da ke tsakaninmu. Na kasa raba waɗannan biyun, na bar su.

Mutane suna tambayar juna mene ne farin ciki, a rediyo, a waya, a wurin biki. Da ina da amsa a shirye. Yanzu idan aka yi zancen shiru nake yi, sai in ji ƙashin cinyarta a kumatuna. Nawa bai kai tsawon azahar zuwa la'asar ba, kuma ina kuka aka ba ni shi.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka share makoki, kitson yana kaina. Ina wanke shi a hankali, ina ɗaure shi da dare. Layukan dama ba su miƙe ba, yanzu kuma suka fara tashi, gashin ya cukurkuɗe a gindi. Auta ce ta kasa haƙuri.

"Yaya, gashinki zai gutsure. Inna da kanta da ta ga kan nan korar ki za ta yi daga tabarma."

Ranar wata Asabar na kira 'yata, na ba ta kibiyar, don ni Auta ta bar wa ita. Na zauna a ƙasa, ita tana kan kujera. Ta cire mini ɗankwali ta ce, "Mama, wa ya yi miki wannan? Duk a karkace."

Na ce, "Kakarki."

Na ji ta ajiye wayarta a gefe. Ta sa bakin kibiya a jelar layin farko, ta tambaye ni ko ta fara tsefewa.

Na ce ta fara, amma ta bi a hankali, ba sauri muke ba.